Hannun Mai Ciwo: Tarihin Tausa da Shafa a Karkarar Arewacin Kano

Tausa da gashi da murza da shafa su ne tsofaffin hanyoyin rage raɗaɗi a ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Bagwai da Makoɗa da Ɗambatta. Wani lokaci ungozoma ce ke yi, wani lokaci maɗori ko malami ko uwa, amma galibi mai ciwon ne da kansa ke kai hannu inda ke masa zafi, tun kafin ya buɗe baki ya gaya wa kowa. Masu rubuta tarihin magani a ƙasar Hausa sun fi karkata ga masu sana'a, wato wanzamai da maɗora da bokaye da 'yan bori da malaman tsibbu. Dalilin a fili yake: su ake biya, su ke da sarauta irin ta Sarkin Aska da Sarkin Ɗori, su ne kuma baƙo mai bincike ke iya zama da su ya yi musu tambayoyi. Abin da mutum ke yi wa jikinsa da tafin hannunsa kuwa ba shi da sarki, ba shi da rumfa a kasuwa, shi ya sa da wuya ya shiga takarda. Duk da haka babu maganin da aka fi yawan yi a wannan yanki kamarsa. Abubuwa uku ne suka ba shi siffar da yake da ita: irin aikin da ƙasar ke ɗora wa jiki, da karantarwar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da tarbiyyar kunya da dauriya.

Ƙasar da ta kewaye Kano ta daɗe da cika da mutane. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya biyo ta Bichi daga Katsina a farkon 1851, ya tarar da gonaki da garuruwa da itatuwa a jere, kusan babu yankewa. A shekarun 1960 masanin ilmin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yankin, ya nuna cewa a gundumomin da ke dab da birni mutane sun kai ɗaruruwa a murabba'in kilomita guda, kuma ba a barin gona ta huta. Gona ɗaya ake nomawa kowace damina, ana ciyar da ita da takin gida da na birni wanda jakuna ke kaiwa a mangala. Irin wannan noma ƙarfin mutum yake ci. Huɗa da garma, shuka da sungumi, firi da maimai da fartanya, yawancinsu a sunkuye ake yi, cikin damina ta kusan wata huɗu wadda ba ta jiran wanda bayansa ya riƙe. Garmar shanu ta shigo a zamanin Turawa, amma mai 'yar gona ƙarama, wanda shi ne mafi rinjaye a nan, bai rabu da fartanya ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ranar maimai ya ga yadda ake yi. Manomi ya kai ƙarshen kunya, sai ya jingine fartanya a ƙafarsa, ya miƙe a hankali, ya dunƙule hannu biyu ya danna bayan ƙugunsa, ya banƙare har gadon baya ya yi ƙara, ya murza wurin da manyan yatsu, sannan ya tofa yawu a tafi ya kama ƙota ya shiga kunya ta gaba. Babu wanda ya koya masa wannan da baki; gani ya yi wurin ubansa a gandu. Da daddare, idan gajiyar ta wuce abin da hannunsa zai kai, sai ya kwanta rub da ciki a tabarma ya kira ƙaramin yaro ya tattaka masa baya. Yaro ake nema, saboda nauyinsa daidai ne, ba zai karya ba, ba zai kuma gaza ba.

Aikin mata bai fi wannan sauƙi ba, illa dai a cikin gida ake yinsa. Surfe da daka da niƙa a dutse da jan guga a rijiya mai zurfi duk kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu suke ci. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai aka ƙara musu ɓara da suya da matsar mai don ƙuliƙuli. Mace mai ciwon kai takan ɗaure goshinta tamau da ɗankwali ta ci gaba da aikinta. Mai ciwon ƙugu ta ɗaure shi da majanyi, mai ciwon mara ta danne ta da tafi ko da tsumma mai ɗumi. Masaƙan Minjibir da maginan tukwane na Dawakin Tofa, masu yini a zaune ko a duƙe, kowa da gaɓar da sana'arsa ke ci da yadda yake lallaɓa ta.

Ba da ka ake yin waɗannan abubuwa ba, akwai fahimtar jiki a ƙarƙashinsu. A tunanin Bahaushe na da, wanda har yanzu bai gushe ba, sanyi abu ne da ke shiga jiki ya kwanta a ƙashi da gaɓoɓi, jijiya tana iya harɗewa ko ta hau kan wata, jini kuma yana iya taruwa ya mutu a wuri guda. Sanyi zafi ke korarsa, jijiya murza ke warware ta, mataccen jini kuwa sai wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe shi. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi ya kuma wallafa littafinsa kan maganin Hausawa a 1988, ya bayyana girman matsayin sanyi a wannan tunani. Murray Last, wanda shi ma ya zauna cikin Maguzawan yankin Malumfashi, ya lura cewa talakawa ba su cika damuwa da sanin ƙa'idar da ke bayan magani ba. Abin da ke gabansu shi ne a gwada a ga ko za a samu sauƙi. Malumfashi ƙasar Katsina ce, amma abin da suka gani bai bambanta da na arewacin Kano ba.

Gashi shi ne inda zafi da hannu suka haɗu. Ana tafasa ruwa, wani lokaci da ganyen tsamiya ko na darbejiya, a juye a ƙwarya ko roba. A tsoma tsumma mai kauri, a kama gefe biyu a murɗe shi har ruwan ya tsane, a ɗan taɓa shi a bayan hannu don a ji ko fata za ta ɗauka, sannan a danna a kan wurin, a riƙe, a ɗaga, a matsa gaba kaɗan a sake dannawa. Idan tsumman ya huce a mayar da shi cikin ruwan. Wanda ke gasa gwiwarsa da kansa yakan fi jure zafi fiye da wanda ake gasa wa, domin shi ya san lokacin da zai danna da lokacin da zai ɗaga. Bayan gashi sai mai. A da man shanu ne daga matan Fulani, da man kaɗanya, da alayyadi wanda fatake ke kawowa daga kudu. A ƙarni na 20 man zafi na kanti, irin su Robb da Mentholatum, daga baya Aboniki, ya shiga kowane tebur na mai kayan koli, ya zauna a gurbin da tsofaffin mayukan suka riga suka share masa. Ita ma darbejiya baƙuwa ce. A zamanin Turawa aka yaɗa ta a Arewa, ta shiga tukunyar gashi kamar da can a ciki take.

Masu sana'a daga inda hannun mai ciwo ya tsaya suke ɗauka. Maɗori ba ya fara komai sai an nuna masa wurin, sannan ya bi da yatsunsa yana lalube har ya rarrabe targaɗe da gocewar ƙashi da tsagewa da karaya. Ya ja, ya daidaita, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure. Bayan an kwance ɗori, sauran aikin na mai ƙafar ne: ya riƙa gasawa, yana shafa man shanu, yana murzawa har ta saki.

Al'adar haihuwa ta fi kowace nuna yadda ake barin mutum da hannunsa. A ƙauye mace a durƙushe take haihuwa, sau da yawa ita kaɗai a ɗaki, kuma abin kunya ne a ji ihunta, musamman a haihuwar fari. Abin da ya rage mata shi ne ta dafe ƙugu, ta murza mara, ta damƙi ƙafar gado ko cinyarta, tana ambaton Allah. Ungozoma ta gargajiya galibi bayan an haihu take shigowa, ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta gasa masa cibiya, ta miƙe masa gaɓoɓi. Daga nan sai wankan jego: ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, ana tsoma ganye ana fyaɗa wa jiki, ana danna ciki da baya don kada sanyi ya shiga ɗanyen jiki. A kwanakin farko ungozoma ko wata dattijuwa ke yi wa mai jego, daga baya ita ke yi wa kanta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin wannan wanka kamar yadda ake yinsa tun kafin zuwan Turawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da wankan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da shan kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Abin da babu gardama a kansa shi ne ruwan da ya wuce kima yana ƙona fata, kuma mai hawan jini ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a kanwa.

Musulunci ya ba wannan ɗabi'a ta kai hannu tsari da lafazi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Wangarawa sun kawo addinin fada a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ya kuma ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo. A karkara ya ɗauki ƙarnuka yana ratsawa ta hanyar makarantun allo da malaman zaure, kuma mazhabar da ta zo da shi tana da wani hukunci da ya shafi hannu kai tsaye. A wurin Malikawa cuɗawa farilla ce a alwala da wanka. Zuba ruwa kaɗai bai isa ba, sai tafin hannu ya bi gaɓar ya goge ta. Sauran mazhabobi uku ba su kai abin ga farilla ba. Duk yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya haddace haka. Ma'anarsa ita ce manomin Bagwai ko na Gezawa, sau da dama a kowace rana, yana zama ya murza fuskarsa da damatsansa, ya shafi kansa da kunnuwansa, ya cuɗa ƙafafunsa har tsakanin yatsu. Ibada yake yi, ba magani ba, amma jikin da aka saba bi da hannu haka ba ya ɓoye wa mai shi komai: ƙaya da faso da kumburi da sabon ƙurji duk a wurin alwala ake fara gano su.

Akwai kuma hadisai da suka yi magana a kan ciwo kai tsaye. Sahabi Usman ɗan Abil As ya kai kukan wani ciwo da ya daɗe yana damunsa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya ɗora hannunsa a inda ke masa ciwo, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsarin Allah daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Haka ya zo a Sahihu Muslim. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, an ce ya shafi wurin da hannun dama sau bakwai. Abin lura a nan shi ne ba a tura shi wurin kowa ba, hannunsa aka mayar da shi gare shi. Nana A'isha kuma ta ruwaito, a Sahihul Buhari, cewa idan Annabi zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya yi tofi a ciki, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya shafe abin da ya iya na jikinsa, yana farawa da kai da fuska, har sau uku. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe ita ke karantawa, amma da hannunsa take shafa masa.

Daga nan tofi da shafa suka zama ruwan dare. Malami yakan kama goshin mai ciwon kai da yatsa biyu ya yi karatu ya tofa. Uwa takan tofa a tafinta ta shafe yaron da ya firgita cikin barci. Rubutun allo ana sha, a rage kaɗan a shafe fuska da ƙirji da wurin ciwo. Kowane taro, na suna ne ko ɗaurin aure ko jana'iza, da shafa Fatiha ake tashi. Malaman jihadi ma ba su bar fannin ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai kan magani, ciki har da na basir da na ciwon ido, suna ƙoƙarin raba abin da ya dace da sunna da abin da suke gani tsafi ne. Wannan muhawara ta sake tashi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. An yi ta jayayya a kan laya da rubutun sha, har da shafa fuska bayan addu'a, wadda wasu malamai ke ganin hadisinta bai inganta ba. Amma ɗora hannu a wurin ciwo da shafe jiki lokacin kwanciya babu ɓangaren da ya musa, sai ma ƙananan littattafan addu'o'i irin Hisnul Muslim, da wa'azin rediyo da kaset, suka ƙara kai su lungunan da a da sai malami ne ya san lafazinsu.

Ciwon zuci shi ma da hannu ake tarbarsa, kuma a nan ne tarbiyyar kunya ta fi tasiri. Jaririn ƙauye yana shekara biyu ko kusa da haka a jikin mutum: a baya yake yini, a gefen uwa yake kwana, in ya yi kuka a jijjiga shi a bubbuga bayansa. Ranar yaye sai a ɗauke shi a kai shi gidan kaka. Daga nan taɓawa sai raguwa take. Uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗa. Miji da mata ba sa riƙe hannu a tsakar gida. Babban mutum ba a rungumarsa. Iyaka a yi musabaha, kowa ya mayar da hannunsa ƙirji. Mutumin da aka rena haka, ranar da baƙin ciki ya same shi, hannun da ya fi kusa da shi nasa ne. Sai ya zabga tagumi. In labari ya zo ba zato ya dafe ƙirji yana salati, in abin ya yi nauyi ya dafe kai, in nadama ce ya ciji yatsa, in mamaki ne ya riƙe haɓa. Mace mai takaba, cikin wata huɗu da kwana goma, takan yini carbi na zagaya yatsunta. Almajirin da aka kawo daga nesa yakan kwana a zaure cikin hunturu ya dunƙule, hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa ko rungume da kafaɗunsa, kuma ba sanyi kaɗai yake kora ba.

Al'umma ba ta ɗauki waɗannan alamu da wasa ba, ta kuma yi musu iyaka. Addini ya hana marin fuska da yaga tufa da kururuwa a kan mamaci, don haka hannun da ke dukan jiki an tsawatar masa, wanda ke dafawa an bar shi. Yaron da ya ɗora hannu biyu a ka ana kwaɓarsa nan take, a ce yana kiran mutuwar iyayensa, domin wannan tsayuwa ta wanda babbar musiba ta faɗa wa ce. Tagumi kuwa ba a barin mutum a cikinsa. Duk dattijuwar da ta shigo ta tarar da yarinya ta rafka tagumi, za ta kama hannun ta janye shi, ta ce, “Cire tagumin nan, 'yar nan, me ya yi zafi?” Wannan ɗabi'a tana da hikima. Tagumi yana rage wa mai shi nauyi, yana kuma sanar da na kusa abin da kunya ta hana a faɗa, sai hannun wani ya zo ya karɓi aikin. A gidan da babu mai janye tagumi, nan damuwa ke daɗewa.

Asibitin zamani ya zo da wani tunani dabam. Turawa sun ci Kano a 1903, asibitin birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, ya buɗe a ƙarshen shekarun 1920, sannan aka bi manyan garuruwan gundumomi da ƙananan ɗakunan shan magani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu allura ta samu kwarjinin da babu maganin da ya taɓa samu, har ta kai wanda aka sallama ba a yi masa ita ba yana ganin ba a duba shi ba. A idon ma'aikacin asibiti na wancan lokaci tausa da gashi aikin tsofaffi ne. Amma a wurare biyu asibitin da kansa ya koma ga hannun majinyaci. Na farko shi ne asibitin kutare na Yadakunya a ƙasar Ungogo, wanda mishan ɗin SIM ta karɓi riƙonsa a shekarun 1930. Kuturta tana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba. Likita Paul Brand, a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa yawancin asarar yatsu daga irin waɗannan raunuka ne da ba a ji ba. Shi ya sa a ko'ina ake koya wa masu wannan cuta su riƙa jiƙa hannu da ƙafa a ruwa kullum, su shafa mai, su bi fatar da ido da yatsa, hannu ya yi gadin da zafi ya daina yi. Na biyu shi ne asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da sashensa na gashin ƙashi. A can ake koya wa mai shanyewar ɓarin jiki ya kama mataccen hannunsa da mai lafiyar, ya ɗaga, ya murza, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Kimiyya ta yi jinkiri kafin ta bayyana abin da ke faruwa. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon zafi da saƙon taɓawa jijiyoyi dabam-dabam ke ɗauke da su, amma a laka suke haɗuwa kafin su hau ƙwaƙwalwa, kamar mutum biyu da suka iso ƙofar zaure ɗaya: in na taɓawa ya cika ƙofar, kaɗan ne na zafi zai wuce. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe ke kama yatsan ya murza. An gyara sassa da dama na wannan bayani daga baya, amma gindinsa na nan. A 2010 Marjolein Kammers da Patrick Haggard da abokiyar aikinsu, a Landan, suka gwada taɓa kai musamman. Sun sa mutane tsoma manuniya da yatsan zobe a ruwan ɗumi, na tsakiya a ruwan sanyi, abin da ke sa ƙwaƙwalwa ta ji kamar na tsakiyan yana ƙuna. Da mutum ya haɗa yatsun nan uku da 'yan'uwansu na ɗaya hannun, zafin da yake ji ya ragu da kashi 64 cikin 100. Da hannun wani ya taɓa, bai ragu haka ba. Fassarar masu binciken ita ce ƙwaƙwalwa tana riƙe da taswirar jiki, kuma idan saƙo ya zo mata daga hannun da ke taɓawa da wurin da ake taɓawa a lokaci guda, taswirar tana daidaita, zafin ya lafa.

Ta fuskar damuwa, masu bincike a Suwidin sun gano wasu jijiyoyi a fata mai gashi da suka fi amsa shafa mai taushi, mai tafiyar santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, wato kusan saurin da uwa ke shafa bayan ɗanta. A 2021 wani gwaji a Jami'ar Goethe ta Frankfurt, a kan mutum 159, ya nuna cewa waɗanda suka ɗora hannu a ƙirji ko ciki ko fuskarsu na daƙiƙa 20 kafin a sa su cikin matsi, sinadarin damuwa na kotizol bai hau a jikinsu kamar na waɗanda ba su yi ba, kuma sakamakonsu ya yi kusa da na waɗanda aka runguma. Gwaje-gwajen nan ƙanana ne, a kan masu lafiya aka yi su, cikin ɗakin bincike, don haka bai kamata a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba. Kimiyyar ta kuma nuna iyakar abin: ƙwaƙwalwa tana rage ƙarfin taɓawar da ta san tana zuwa, dalilin da ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. Hannun kai yana kwantarwa, amma bai maye gurbin hannun ɗan'uwa ba.

A shekarun baya-bayan nan abubuwa biyu sun sauya. Madatsun ruwa irin Watari a Bagwai da Tomas a wajen Ɗambatta sun kawo noman rani, jikin da a da ke samun sararawa bayan kaka yanzu shekara yake yi yana aiki. Sannan kemis ya shiga kowane ƙauye. Ƙwayar ciwon jiki ta zama abin karyawa ga 'yan ƙwadago da yawa, daga farasitamol aka gangara zuwa tiramadol, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa suka faɗa masa. Idan aka auna da wannan, tsumman gashi da man kaɗanya ba su da illar da ta kai ta ƙwaya, kuma ga masu sikila, waɗanda sanyi ke tayar wa ciwo, ɗumi da tausa mai sauƙi suna cikin abin da likitoci da kansu ke ba da shawara a yi a gida.

Haɗarin tausa da gashi yana wurin jinkiri. Sauƙin da hannu ke kawowa na ɗan lokaci ne, kuma yakan sa a zauna da abin da ba na zama ba. Ɗorin da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu yana ruɓar da hannu, kuma likitocin Dala sun sha yanke gaɓoɓin yara da aka kawo a makare saboda haka. Ciwon ciki mai tsanani da ke tare da zazzaɓi da amai ba a murza shi. Ƙafar mai jego da ta kumbura ɓari guda ba a tausa ta, domin gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ƙullutun da mace ta ji a nononta, wanda sau da yawa hannunta ne ke fara gano shi a wurin wanka, ba na gashi ba ne, na asibiti ne tun yana ƙarami. Haka ma tagumin da ya wuce makonni, mutum ya daina ci, ya daina barci, ya daina shiga mutane: irin wannan ana kai shi ga likitocin ƙwaƙwalwa, a asibitin Dawanau da ke ƙasar Dawakin Tofa ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.